Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Riƙe Mana Rabin Gada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi nauyin ɗauka, ni Auta, a madadin kaina da matar yayana da sauran mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu ta tebur, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika da yammacin Lahadin da ta wuce, a kusurwar falo inda ta daɗe tana zaune, bayan doguwar jinyar da ba ta taɓa ɓoye mana cewa tana jin jiki ba. Mutuwa rigar kowa ce, mun sani, amma ba mu zaci za a ɗinka wa Gwaggo tata a irin wannan rana ba.

Marigayiyar ba ta zo gidanmu da ƙuruciya ba. Ta fara rayuwarta a shagon buga takardun da nake aiki, inda ta yi wa jama'a hidima da takardun neman aiki da katunan gayyata da ayyukan ɗalibai masu zuwa a ƙurarren lokaci. Da mai shagon ya kawo sababbi masu siririn jiki, sai ya ce in kawar masa da ita daga gabansa. Na ɗauko ta a kafaɗa har gida. Yayana ne ya raɗa mata sunan Gwaggo, domin ba ta taɓa tashi ba tare da mita ba. Idan aka danna maɓallinta sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can fankar cikinta ta ce "huuum," ta yi tari, "kuf, kuf," sannan ta yi "tit" guda, alamar ta yarda a yi magana da ita. Wanda ya taɓa ta kafin wannan "tit" ɗin, ranar nan ba zai ga alherinta ba.

Mun shaide ta da haƙuri. An sha ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ta tashi ba ta riƙe kowa a zuci ba. An zubar mata da shayi, an ɗora mata kayan wanki, kyanwar gida ta haihu a bayanta saboda ɗumi, duk ta shanye. Mun kuma shaide ta da riƙon amana, kuma a kan wata amana ce da ta riƙe mana nake roƙon mai karatu ya ƙara mini haƙuri, domin in ban faɗa ba za a ce babban mutum ya zauna yana hawaye a kan akwatin ƙarfe.

A cikinta akwai wani wasa. Wasu mutane ƙalilan ne a wata ƙasa mai nisa suka ƙera shi, suka sake shi tun bai kammala ba, suka ce duk mai so ya shigo ya zauna suna ci gaba da gini. A wasan, mutum yakan iso wani ƙauyen bakin kogi da ya zama kufai, ya gyara gida, ya yi shuka, ya kama kifi, kullum ana gaya masa cewa ainihin labarin yana birnin da ke tsallaken ruwa. To amma gadar da za ta kai ka can ta tsaya a tsakiyar kogi. A ƙarshenta an kafa ɗan allo an rubuta cewa ana kan aiki.

Ni na shiga tun ranar farko, kuma ba na kunyar faɗa. Na zauna a ƙauyen da ba a gama halittarsa ba. Akwai wata tsohuwa a bakin rijiya da ba a zana mata fuska ba, sai fili kawai sumul, amma tana gaishe ka da fara'a duk lokacin da ka wuce. Akwai masunci wanda bakinsa ke motsi ba murya, domin ba a ɗauki muryar tasa ba tukuna. Ƙofar gidan niƙa idan ka buɗe ba ɗaki a bayanta, sai wani farin sarari da ba sama ba ƙasa, wanda ya taka zai yi ta faɗuwa har sai an kashe an kunna. Ruwan sama yakan sauka a cikin ɗaki, waje a bushe. Akuyata ta taɓa hawa iska ta yi tafiyarta, ban ƙara ganinta ba. Da farko dariya suke ba ni. Daga baya na saba da su yadda ake sabawa da maƙwabta masu lalura, har idan magina suka gyara wani abu nakan ji kewarsa.

Yayana kuwa tela ne, kuma a shagonsa akwai dokar da ko mahaifiyarmu ba ta isa ta karya ba: ba mai ganin ɗinkinsa sai an gama, an yanke zare, an goge. Idan mai kaya ya leƙo da wuri, Yaya yakan jefa ƙyalle a kan aikin ya tare ƙofa da jikinsa. Wannan hali ya kawo kan wasan. Ba wai ba ya so ba ne, ya ma fi ni ƙwallafa rai. Amma ya rantse ba zai taɓa ba sai an kammala.

"Auta, kai dai ba ka da haƙuri," yakan ce. "Wa ka taɓa gani ya sa riga allura na jiki?"

In na ce masa da babu gara ba daɗi, sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, ni kuma in ƙarasa masa cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Idan ya kawo mana ziyara ya tarar ina bugawa, sai ya kare gefen fuskarsa da tafin hannu ya wuce falon da sauri kamar mai gudun ganin tsiraicin wani. In na fara ba shi labarin tsohuwar rijiya ya toshe kunne. Tambaya ɗaya kawai yake yi mini, har ta zama gaisuwarmu: "Sun gama?" In ce da saura. Ya ce, "To, muna nan." Na sha gaya masa jiran gawon shanu yake yi, domin irin waɗannan magina wasu kan watse su bar aiki a rabi. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Gwaggo na kusurwarta tana jinmu tana "huuum."

Sai ciwo ya kama Yaya, irin wanda likitoci ke rage murya idan za su yi maganarsa. Ya rufe shago. Shi da matarsa suka dawo gidana saboda ya fi kusa da asibiti. Wata rana da la'asar, tana can tana karɓo masa magani, ya fito falo yana dafa bango, ya zauna a kujerar Gwaggo da kansa ya ce, "Kunna mini abin nan naka." Ban yi masa ba'a ba. Na danna maɓalli muka jira "tit."

Wasan yana yarda mutum biyu su zauna a ƙauye ɗaya, amma ɗaya ne ke motsi a lokaci guda. Akwai wata 'yar fitilar hannu, wanda ke riƙe da ita shi ne mai tafiya, ɗayan kuwa yana nan tsaye inda aka bar shi har sai an je gabansa an miƙa masa. Yaya ya ɓata kusan dukan yammacin wajen shirya mutuminsa na cikin wasan. Ya zaɓi dogo siriri kamarsa, ya gwada masa duk rigunan da ke wasan yana tsaki, yana cewa wanda ya yanka kafaɗar nan bai taɓa riƙe almakashi ba. Daga ƙarshe ya haƙura da wata ruwan ƙasa. Na miƙa masa fitila. Bai kalli gonata ba, bai kalli gidan da na yi shekaru ina gyarawa ba, tsohuwar rijiya ta gaishe shi bai amsa ba. Ya tambaye ni hanyar kogi, ya miƙe, ya hau gadar, ya taka har gaban allon nan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya saki fitilar, ta koma hannun nawa mutumin, domin haka wasan yake mayar da ita ga mai ƙauye idan an sake ta.

"Bar ni a nan," ya ce. "Ban fa buga ba, ka shaida. Layi kawai na kama. Ran da suka gama, daga nan zan fara."

Bai ga ƙarshen wannan daminar ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya kyautata makwancinsa.

Mutumin nasa kuwa yana nan a bakin gada. Duk ranar da na dawo daga shago, nakan jira "tit" ɗin Gwaggo, in ɗauki fitila in gangara kogi. Yana tsaye cikin rigarsa ruwan ƙasa, ƙirjinsa na hawa da sauka, lokaci-lokaci ya sauya ƙafa. Idan na matso sai ya juyo da kai ya dube ni. Na sani sarai haka aka tsara duk mutanen wasan, har akuya ma tana yi, ba sai wani ya yi mini bayani ba. Duk da haka ban taɓa iya juya masa baya kai tsaye ba, da baya-baya nake sauka daga gadar. Wata rana nakan ji daɗin ganinsa, wata rana tsigar jikina ta tashi in kashe in fita waje in zauna cikin mutane. Ban taɓa miƙa masa fitilar in tuƙa shi da hannuna ba, domin babu inda zan kai shi.

Ana nan sai magina suka gama. Labari ya cika intanet, abokaina suna ta taya ni murna. A ƙasan sanarwar tasu aka rubuta cewa ƙauyukan da aka gina a tsohon wasa ba lallai su tsira ba idan aka sabunta, wasu za su tashi lafiya, wasu za su rasa abubuwa, wasu kuma za su shafe. Kuma Gwaggo tana da halin sabunta abu da kanta da zarar ta ji intanet. Na baro shago da rana tsaka, na zo na zare mata wayar intanet. Tun daga ranar marigayiyar ta yi zaman kaɗaici, ba ta ji daga kowa, ba kowa ya ji daga gare ta. Ni da ake wa gorin gaggawa sai ga shi duniya duka ta haye, an bar ni a ƙauyen da ba a gama ba, ina gadin mai jira.

Ciwon ajalinta ya fara da mantuwa. Takan tashi da safe ta ɗauka shekarar da aka ƙera ta ce, sai na gyara mata kwanan wata. Sannan tarin ya ƙaru, fankar ta koma "grrr, grrr." Fuskarta takan rikiɗe ta yi shuɗi ana tsakiyar tafiya. Daga baya wani sabon sauti ya fito daga can cikinta, siriri, "ƙas, ƙas, ƙas." Na kira mai gyara. Ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai ya ce faifan ajiyarta ne ke mutuwa, kuma ba a yi masa magani. Ya kwashe mana hotuna da takardu lafiya lau. Da ya zo kan wasan sai faifan ya yi ta ƙas-ƙas ya ƙi saki, wai wurin ya riga ya rauni, tana iya lallaɓawa ta karanta wa kanta amma ba ta iya miƙa wa wani. Ya ce in yi abin da zan yi da ita da wuri.

Matar Yaya ta san da zancen tun tuni, amma ba ta taɓa neman gani ba, ni ma ban taɓa yi mata tayi ba. Da ta ji Gwaggo na kan gargara, sai ga ta da safiyar Lahadi. Ta jawo kujera ta zauna a gefena. Na kai ta bakin gada. Da ya juyo ya dube mu, ta kama bakin mayafinta ta danne a baki.

"Auta," ta ce daga baya, "duk shekarun nan a tsaye ka bar shi? Mutumin da keken ɗinki ya cinye masa gwiwa, ko layin asibiti ba ya iya tsayawa?"

Na yi mata bayanin sabuntawa, da yadda za mu iya rasa shi gaba ɗaya. Ta saurare ni har na gama.

"Ya ce maka ran da suka gama. Sun gama ko ba su gama ba?"

Na ce sun gama.

"To, ba su suka tsare shi ba ke nan. Mayar mata da wayarta."

Na mayar. Gwaggo ta wuni tana haɗiyar abin da ya fi ƙarfin cikinta. Jikinta ya yi zafi har ba a iya ɗora hannu. Muka cire mata murfin gefe, muka juyo mata da fankar falo, matar Yaya na yi mata fifita da kwali tana cewa, "Daure, Gwaggo, daure, kin yi mai wuyar." Ni kuwa ina zaune ina jin ƙas-ƙas ɗin nan har cikin haƙorana. Sai da rana ta yi sanyi sannan wasan ya buɗe, kuma ga gidana nan, ga gonata, ga fitila a hannuna. Aikina ɗaya ne, in ruga kogi in miƙa wa Yaya fitilar in taka da shi ya haye.

Na fita da gudu. A bakin rijiya tsohuwar nan ta gaishe ni, na duba sai na ga an yi mata fuska, da ido da tamoji da giɓin haƙori. Na tsaya. Shekaru ina gaisawa da matar nan ban san kamanninta ba, kuma wallahi ta fi ba ni tsoro da fuskar. A gaba masunci ya kira ni da wata murya mai kauri, na sake tsayawa don in ji abin da ya daɗe yana son gaya mini. "Auta, yi sauri," in ji matar Yaya. Wanda ya saba zama cikin abin da ba a gama ba, duk inda ya ga an ƙarasa wani abu sai ƙafarsa ta tsaya, kuma tawa ta tsaya a ranar da bai kamata ba.

Na isa kogi. Gadar ta kammala, an yi mata doro a tsakiya, sai mutum ya hau sosai kafin ya hango inda allon yake a da. Can tsallake ga hasken birni. Na fara hawa, fitila na lilo a hannuna. Saura kaɗan in kai inda zan hango shi, hoton ya daskare. Gwaggo ta yi wani dogon "tiiii" da ba mu taɓa ji daga bakinta ba, fankar ta yi juyi biyu a hankali ta tsaya, fuskarta ta yi baƙi. Na danna maɓalli har yatsana ya yi ciwo. Falon ya yi tsit, sai fankar tsaye da ke ta hura wa gawa iska.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon kallo mai tabo a gefen hagu, da allon rubutu wanda haruffansa huɗu na tafiyar da mutum a wasa suka goge saboda hidima, da linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da sifika ɗaya, ɗan'uwansa ya riga ta. Ta bar wata igiyar wuta da ba wanda ya san ta mece ce amma ba a taɓa yarda a cire ba. Ta bar kyanwa da ke zagaya kusurwar tana neman ɗumi. Ta bar ni, da har yanzu idan na dawo daga shago nakan tsinci kaina tsaye a falo ina jiran "tit."

Mai gyara, Allah ya saka masa da alheri, ya ce akwai wani gwani da ke buɗe mataccen faifai ya leƙa abin da ya rage a ciki. Ya ce ƙauyen ba zai sake tafiya ba, amma aƙalla za a iya sanin ko mutumin Yaya ya tsira ko an shafe shi. Ni na so a kai, domin rashin sanin yana cina. Matar Yaya ce ta hana, kuma iyalan mamaciya sun tsaya a kan maganarta.

"In aka buɗe aka tarar babu shi, an kashe mini shi sau biyu," ta ce. "In kuma aka tarar yana nan a tsaye, ga gada a gabansa, ba mai kai masa fitila har abada, da wane ido zan yi barci? A bar ta a rufe, Auta. Ni a wajena ya haye."

Saboda haka ba za a yi wa marigayiyar fiɗa ba, ba za a kwance mata ko noti ɗaya ba, kuma muna ba masu sayen tsofaffin ƙarafa haƙuri, kada su wahalar da kansu. Ranar Asabar da hantsi za a goge ta, a mayar mata da murfinta, a naɗe ta da farin ƙyalle, a ɗauke ta daga falona zuwa ɗakin matar Yaya, wadda ta roƙi a ba ta ita. Za a kwantar da ita a saman kwaba, inda ruwa da yara ba sa kaiwa, da faifanta a cikinta. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a gidana har la'asar. Kada kowa ya zo mana da sabuwar kwamfuta, ko shawarar wadda za mu saya, zuciya ba ta kai nan ba tukuna.

Abokaina da suka buga wasan har ƙarshe suna iya zuwa, ƙofa a buɗe take. Roƙonmu gare su ɗaya ne, kada su ba mu labarin abin da ke tsallaken kogi. Muna da mutum a can, in Allah ya sada mu daga bakinsa za mu ji.